Kwana a hostel a Dahab da kuɗin ɗalibi, amsar tambayar wani ƙanena

Wani ƙanena da yake karatu a Alƙahira ya turo min tambaya, ya ce sun gama jarabawa yana so ya ɗan fita daga hayaniyar unguwar Hayyul Ashir ya je Dahab, wani gari a bakin teku a yankin Sina'i na Masar, ya ga teku na sati ɗaya, kuɗinsa ba yawa, ya ga hostel masu arha a intanet amma bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da baƙi ba, yana tsoron sata, yana tunanin sallah, kuma bai iya ruwa ba. Wai ya biya satin gaba ɗaya tun daga Alƙahira tunda an yi masa ragi?

To ƙanena bari in fara da ta ƙarshen don ita ce ta fi ci min rai. Kar ka biya sati. Ka kama gado na kwana biyu kacal, in ka je ka ga wurin da idonka sai ka ƙara ko ka ɗau jakarka ka yi gaba. Ni na zauna a garin nan har na yi aikin risefshan a wani hostel na ƴan watanni ana ba ni gado da karin kumallo a madadin albashi, amma zuwana na farko abin da kake shirin yi shi na yi, na tura kuɗin kwana bakwai saboda hotunan sun yi kyau, da na isa sai ga ɗaki ba taga, esi ɗin ƙara kawai yake yi ba sanyi, ga wani wurin kiɗa a bayan katanga da ba sa tashi sai wajen uku na dare. Na nemi a maido min da kuɗin kwana biyar aka ce ai ka karanta sharaɗi. Haka na cinye satin nan ina barcin rana kamar mai gadi. Ragin da aka yi min bai kai kuɗin abincin rana biyu ba wallahi.

Kuma abin da mutane ba su sani ba, in kana tsaye a gaban mai wuri da kuɗi a hannu kana cewa zan ƙara kwana biyar, ya fi son ka a kan wanda ya zo ta Booking.com ko Hostelworld, don waɗancan suna yankar kasonsu a cikin kowane gado. Ragin da kake gani a allo za ka iya samun irinsa ko fiye da baki, musamman ranar Lahadi zuwa Laraba da gadaje suke zama wayam. Lokacin da wannan dabarar ba ta aiki shi ne lokacin cunkoso, hutun ƙaramar sallah da babba, Shammun Nasim wato bikin bazarar Misirawa, hutun 25 ga Afrilu da na 6 ga Oktoba, da ƙarshen shekara, nan kam duk matasan Alƙahira da Iskandariyya sun kwararo, gado yana tsada kuma yana ƙarewa. In a irin wannan lokacin za ka je to dole ka kama da wuri, in kuma kana da zaɓi ka kauce masa kawai. Sannan masu shafin Facebook da suke cewa turo arbun, wato kafin alƙalami, ta Vodafone Cash mu riƙe maka gado, wasu na gaskiya ne, amma sau nawa mutum ya zo min risefshan da hoton rasit a waya alhali mu ba mu san da zamansa ba, wani ne ya kwashi hotunan wurinmu ya buɗe shafi. In za ka tura arbun ka nemo lambar wurin daga taswirar Google ka kira da kanka.

Yanzu hanya. Dahab tana Kudancin Sina'i a bakin mashigin Aƙaba, kamar kilomita 80 zuwa 90 arewa da Sharm el-Sheikh, in ka tsaya a bakin ruwa da safe duwatsun da kake hangowa a tsallake na Saudiyya ne. Daga Alƙahira bas ne, Go Bus suna tashi daga Tahrir da Madinatu Nasr, akwai wasu kamfanonin ma, tafiyar awa takwas zuwa goma ce ya danganta da shingayen bincike. A wajen ramin Ahmad Hamdi da yake bi ta ƙarƙashin mashigin Suwez akan sauke kowa da kayansa a jera jakunkuna a duba, wani lokacin har da kare. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne fasfonka na asali da iƙama, wato izinin zama, mai rai. Ba hoto a waya ba, ba katin jami'a kaɗai ba. In iƙamarka ta mutu ko tana wurin sabuntawa ka haƙura da tafiyar har ta fito, don ko ka tsallake shingen binciken hanya, hostel ba zai kwantar da kai ba sai ya ɗauki kwafin fasfo da shafin biza, dole ne a kansu su kai bayanan baƙi ga ƴan sandan yawon buɗe ido. Kwafi za su ɗauka su maido maka, kar ka yarda fasfo ya kwana a durowar wani.

Kuma ka sa rigar sanyi a jakar hannu ko da bazara ce, esin bas ɗin dare ba ya da imani.

Yawancin bas ɗin dare da sassafe yake isa, tashar kuma tana can cikin unguwar da suke kira Madina nesa da inda hostel suke, sai ka hau ɗaya daga motocin nan masu buɗaɗɗen baya da suke aikin tasi, ka yi ciniki kafin ka ɗora jaka. Za ka isa ƙarfe bakwai alhali gado ba ya samuwa sai bayan azahar, kar ka ɗauka wulaƙanci ne, wanda yake kan gadon bai tashi ba. Ka ajiye jaka a risefshan, ka nemi banɗaki, ka fita ka sha shayi.

Unguwar da ka zaɓa ta fi sunan hostel ɗin muhimmanci. Garin siriri ne ya bi bakin ruwa, akwai hanyar ƙafa da suke kira mamsha, daga Mashraba a kudu ta bi ta gadar nan ƙarama zuwa Masbat har Lighthouse, nan ne gidajen abinci da shagunan nutso da duk hayaniyar suke. In ka ci gaba arewa sai Eel Garden, ciki kuma Assala, unguwar Badawiyyan Muzaina, inda akuyoyi suke yawo a layi, kasuwa take, gidan burodi yake, masallatai suke kusa kusa. Ni in ka tambaye ni, ɗalibi mai ƙaramin aljihu wanda yake son barci da jam'i ya nemi tsakanin Assala da Lighthouse, ya yi tafiyar minti goma zuwa ruwa. Wanda yake kan mamsha kai tsaye kana biyan kuɗin kallon teku ne, tekun da in ka fito kyauta ne.

In ka shiga kafin ka ce na ƙara kwana, ga abin da ni nake yi, kuma ba na jin kunyar yin sa a gaban mai wuri. Ina ɗaga zanin gado in kunna fitilar waya in bi ɗinkin katifa ta gefen kai, da lungun katakon gadon. In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, ko ɓawon ƙwaro, to kuɗin cizo ne, kar ka ko ajiye jakarka a ƙasa. Ba wai ƙazanta ce kaɗai take kawo shi ba, matafiya ne suke yawo da shi daga gari zuwa gari, wuri mai tsafta ma yana kamuwa, bambancin shi ne wani mai wurin in an faɗa masa zai rufe ɗakin ya yi feshi, wani kuma zai ce maka sauro ne. Abin da ya sa nake tsananta wannan, ba cizon sati ɗaya ba ne matsalar, ka kwaso shi a jaka ka kai shi gidan da kuke haya ku shida a Alƙahira, wannan rigimar sai ta fi kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Bayan katifa sai in shiga banɗaki in buɗe shawa in gani ko ruwan yana da ƙarfi, in ɗanɗana a harshe. Ruwan famfo a wurare da yawa a Dahab gishiri-gishiri ne, sabulu ba ya kumfa da shi sosai, ba a sha, ko shayi ba a dafawa da shi. Wurin kirki yana da tankin ruwan daɗi da mota take kawowa ko na'urar ruwan sha a kicin da za ka cika gora kyauta ko da ɗan canji. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma a zafin Yuli da Agusta da ake kaiwa digiri 40, lita uku zuwa huɗu za ka sha a rana, ka lissafa kuɗin gora ƙanana na sati ka gani. In babu, ka sayi babbar jarka a Assala ka ajiye ƙarƙashin gado.

Sai in ƙirga gadaje in ƙirga banɗaki. Gado goma sha biyu banɗaki ɗaya, kai da kake son alwala da asuba ba matsala don kowa yana barci, amma ƙarfe takwas da masu nutso suke shiri sai ka yi layi. Ɗaki mai gado huɗu zuwa shida ya fi, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Ka nemi gadon ƙasa, ka ce musu tun kafin ka zo, don za ka riƙa tashi da asuba kuma gadon ƙarfe mai bene in ka motsa a sama duk ɗakin sai ya ji. Ka tambayi esi ma, wasu ba sa kunnawa sai dare, wasu kuɗinsa daban. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, ba esi ne zancen ba, bargo ne da ruwan zafi, don iskar arewa da take kaɗawa a garin nan da dare tana shiga ƙashi.

Maganar sata. Zan gaya maka gaskiya, a watannin da na yi a risefshan abin da ya fi ɓata shi ne caja, silifas, tawul a igiyar shanya, da abinci a firij. Waya da kuɗi kan ɓata amma kusan duk wanda na gani, mai abun ne ya bar shi a kan gado ko a kan tabarma a bakin ruwa ya shiga iyo. Ka sayi kwaɗo naka tun daga Alƙahira, ƙarami mai lambobi don kar ka shiga ruwa da mabuɗi, ka tabbata akwai loka da za ta ɗauki aƙalla ƙaramar jakarka. Kuɗi ka raba biyu, na kashewa a aljihu, na komawa gida a cikin loka tare da fasfo, kuma tikitin dawowa ka saya tun ranar da ka iso, na ga ɗalibai da yawa da suka cinye kuɗin mota suka koma kiran gida. Laftof in ba dole ba ka bar shi. Abincinka a firij ka sa a leda ka rubuta suna da kwanan wata, ba zai hana mai yunwar dare shan madararka ba amma yana rage wa.

Sallah kuwa ta fi sauƙi fiye da yadda kake zato, ai Masar kake, za ka ji kiran sallah daga ko'ina, ma'aikatan wurin da yawansu masu sallah ne kuma kusan kullum akwai darduma a bayan risefshan. Matsalar cikin ɗakin ce kawai. Ni abin da nake yi, ina sa ƙararrawar waya a kan jijjiga in sa ta ƙarƙashin filo, tun dare na ajiye jallabiya da silifas a bakin gado, in fita a hankali ba tare da kunna fitila ba, in yi sallah a masallaci ko a saman rufi. Wallahi asuba a saman rufin nan, gari shiru sai ƙarar iska da carar zakaru daga Assala, hasken rana yana fitowa ta bayan duwatsun Saudiyya, yana daga cikin abin da ya sa na yi ta komawa. Alƙibla kudu maso gabas ce, in kana fuskantar teku sai ka karkata dama sosai. Abin da ba na so ka yi shi ne shimfiɗa darduma a tsakiyar ɗakin haɗaka kana karatu da ƙarfi mutane na barci, kai ma ba za ka so wanda ya dawo ƙarfe biyu ya kunna fitila yana jan zif ba. Kuma akwai karnuka da kuliyoyi birjik a garin, wasu hostel ɗin suna da karensu da yake kwana a tsakar gida, in wannan zai dame ka ka tambaya tun kafin ka biya.

Ɗakin haɗaka iri uku ne, na maza, na mata, da na gauraye. Ka karanta da kyau wanne kake kamawa don a intanet mafi arha sau da yawa na gauraye ne, kar ka buɗe ido ka ga baturiya a gadon da yake kallon naka ka rasa inda za ka sa kanka. Wurare da yawa ba sa sa Misirawa da Larabawa a na gauraye, kai kuma da fasfon Najeriya za su iya ɗaukar ka a layin baƙi su jefa ka ciki ba tare da sun tambaye ka ba, to ka faɗa da bakinka, ina son na maza. Ga ƴan uwa mata da za su karanta wannan, ɗakin mata zalla yana nan a wurare da dama, ku tambaya ko banɗakinsa a ciki yake, in ku biyu ne ko uku ma ku haɗa kuɗi ku kama ɗaki naku, lissafin kusan ɗaya yake fitowa. Masu shiga ruwa da cikakkiyar sutura suna da yawa, ba wanda zai kalle ku. Mai zuwa da iyali kuma ya riƙo takardar aure, ana iya tambaya.

Za ka ga giya a tsakar gida, za ka ji warin abin da ba taba ba, wani ma zai miƙo maka da fara'a. La shukran, wato a'a na gode, ta wadatar, ba sai ka yi wa'azi ba ba kuma sai ka tashi da fushi ba. Amma ka sani ƙwaya a Masar laifi ne mai nauyi, kuma kai baƙar fata mai iƙamar karatu ba daidai kake da bature mai hutun sati biyu ba in abu ya ɓaci, shi ofishin jakadancinsa zai yi ta kira, kai karatunka ne zai tafi. Kar ka riƙe wa kowa ƙunshi, kar ka ɗauko wa kowa saƙo zuwa Alƙahira, ka tuna karen da na ce maka yana shinshina jaka a hanya. Kiran ya samara, wato kai baƙar fata, da ake yi mana a titi kuwa ka riga ka saba, a Dahab ma da sauƙi a kan Alƙahira.

To yanzu inda kuɗin yake tafiya da gaske, don gado shi ne ƙaramin abu a lissafin. Dahab ba irin bakin tekun nan ba ne mai faɗin rairayi da za ka shimfiɗa zani inda ka ga dama, yawancin gaɓar cikin gari dutse ne da murjani, kuma gidajen abinci sun jeru a kanta, in za ka zauna a kujerarsu sai ka sayi abu, wasu suna da mafi ƙarancin abin da za ka kashe. Abinci a kan mamsha farashin ƴan yawon buɗe ido ne, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima kashi 12 da haraji kashi 14 a kan abin da ka gani a menu, kifi kuma da kilo ake sayarwa, in ba ka sa an auna a gabanka an faɗi kuɗin ba sai takarda ta zo ka ji jiri. Saboda haka hostel mai kicin na gaske, mai gas da tukwane, ya fi wanda ya fi shi arha amma ba kicin. Da safe ful da ɗa'amiyya da aish baladi a Assala, da rana koshari, da dare ka dafa. Ka zo da yajinka da ɗan garin kuka ko kuɓewa busasshiya in kana da su. Akwai daren da na dafa dafa-duka da kifin gwangwani a tukunyar hostel, ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida, wani ɗan Jamus ya leƙo yana toshe hanci yana tambaya mene ne ya mutu, ƙarshe shi ya kankare ƙanzon, washegari shi ya biya min kuɗin mota zuwa Blue Hole. Haka zaman hostel yake, a kicin ake samun abokan raba kuɗin mota, kuma motar da za ka biya kai kaɗai in kun cika ta ku biyar ta zama ba komai. Ka dai wanke tukunyarka da ka gama, rabin faɗan da na raba a wurin nan a kan kwanuka ne.

Farashi ban sa maka lamba ba da gangan, tun da aka saki farashin fam ɗin Masar a Maris ɗin 2024 kuɗin komai yake motsi, abin da na biya bara ba shi za ka biya ba. Abin da zan ce, wurare da dama suna da farashin ɗan ƙasa da na baƙo, ka yi musu Larabcinka na Masar ka nuna iƙamar ɗalibi ka tambaya ko akwai na muƙimi, wato mazaunin ƙasa, wani lokacin a rage wani lokacin a ƙi, tambaya ba ta cin kuɗi.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan, ka ce ba ka iya ruwa ba. Ka ji ni da kyau. Ruwan Dahab yana da yaudara, za ka taka a kan murjani ruwa iya gwiwa, taku kaɗan gaba sai ƙasa ta ɓace gaba ɗaya, bango ne ya sauka. Ba kamar kogi ko dam ɗin gida ba ne da zurfi yake ƙaruwa a hankali. Kar ka shiga ba rigar iyo mai hana nutsewa, ana bayar da haya tare da tabarau da bututun numfashi a ko'ina da kuɗi kaɗan, kuma kar ka ji kunyar sa ta don ka ga yara ƙanana suna iyo ba ita. Ka fara a Lighthouse inda mashigar take da sauƙi kuma mutane suke da yawa, ko Laguna da take da rairayi, amma can ka kula da masu lilo da iska a kan allo, suna gudu sosai. Ka sa takalmin ruwa saboda ƙayar bushiyar teku da kifin dutse mai dafi da yake kwanciya kamar dutse, kar ka taɓa komai da hannu, akwai murjanin da yake ƙuna kamar wuta, kuma tsayawa a kan murjani yana kashe shi. Eel Garden in iska ta tashi ruwan yana ja, gwanaye ma suna shan wuya a wurin fita, ranar iska ka zauna ka sha shayi.

Blue Hole kuma, kamar kilomita 8 arewa da gari, kowa zai ce sai ka je, kuma ya cancanci gani, rami ne a cikin murjani da zurfinsa ya kai wajen mita 100. Kafin ka isa mashigar za ka ga allunan tunawa da aka manna a jikin dutse da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, yawancinsu masu nutso ne da suka nemi ratsa wata ƙofa da take wajen mita 55 ƙasa ba tare da horo da kayan da suka dace ba. Mai yawo a saman ruwa da rigar iyo tare da jagora ba shi ne yake cikin wannan haɗarin ba, amma ka tsaya ka karanta allunan nan kafin ka shiga, suna gyara wa mutum kai. Ana biyan kuɗin shiga don yankin kariya ne, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da hostel ya karɓa na tafiyar, daga nan ne ake wucewa Ras Abu Galum a jirgin ruwa ko a raƙumi ko a ƙafa.

In sha'awar nutso da tulun iska ta kama ka, akwai na gwaji na rana ɗaya da malami yake riƙe da kai, kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da take ba da shaidar koyon nutso, kuma kwana uku zuwa huɗu ne kuma sai ka iya iyo. Ka je cibiyar da take da lasisin CDWS, hukumar da take kula da harkar nutso a Masar, kar ka bi wanda ya tare ka a hanya da rabin farashi. Hostel ɗinka zai tura ka inda yake da kaso, ba laifi ba ne, amma ka zagaya ka tambayi wurare biyu uku. Kuma ga wani abu da ɗalibai suke kuskurewa, in ka yi nutso yau kar ka hau Jabal Musa, wato Dutsen Sina'i, a daren, ka bari awa 24 ta wuce kamar yadda ake yi kafin hawa jirgin sama, don dutsen ya kai mita 2,285 kuma iskar da ta narke a jininka a ƙarƙashin ruwa tana iya yin kumfa in ka hau sama da wuri, wannan sai asibiti. Ka fara da dutsen, ruwa ya biyo baya. Motocin suna tashi daga Dahab wajen goma zuwa sha ɗaya na dare, tafiyar awa biyu, a hau da jagora Badawi a kai ƙololuwa kafin fitowar rana, akwai ƙaramin masallaci a can sama kusa da coci, sanyin wurin kuma ko da bazara sai ka nemi bargon haya. In kana son shiga gidan ibadar Sant Katrin da yake gindin dutsen, wanda aka gina tun ƙarni na 6, ka tambayi ranar da yake buɗe kafin ka biya, Juma'a da Lahadi yawanci a rufe yake.

Na san in ka gaya wa Hajiya za ka Sina'i hankalinta zai tashi. Rikicin da aka yi ta ji a labarai na Arewacin Sina'i ne, wajen Arish, hanyarku ba ta bi ta can. Dahab ita ma an taɓa kai mata harin bam a ranar 24 ga Afrilun 2006, mutum sama da 20 suka rasu, shi ya sa za ka ga shingaye a mashigar gari har yau. Ka gaya mata sunan inda ka sauka, ka ba wani abokinka a Alƙahira lambar risefshan ɗin, ranar da za ka Abu Galum kuma ka faɗa tun da wuri cewa sabis yana ɗaukewa a can don kar a yi ta kira a ji a kashe.

Kayan da za ka ɗauka ba yawa, tawul naka don ba ko'ina ake bayarwa ba, silifas na wanka, kwaɗon nan, abin toshe kunne saboda a kowane ɗaki sai an sami mai minshari, doguwar wayar caja don soket ɗin yana iya zama nesa da gadonka, da man kariya daga rana, eh mu ma rana tana ƙona mu, kafaɗata ta saɓule a zuwan farko ina cewa ai ni ɗan Sakkwato ne. Jaka ta goyo ka ɗauka ba akwati mai taya ba, layukan Assala rairayi ne da tsakuwa.

In ka sami wurare biyu uku da suka kwanta maka, ka karanta sharhin waɗanda suka ba su maki mafi ƙasa na watannin nan, ba na shekara uku baya ba, ka ga ko ƙorafin iri ɗaya ne yake maimaituwa, sannan ka turo min sunayen unguwannin da ranar da kake son tashi in duba maka ko ta faɗa cikin hutu.